Shanun Hanyar Kawu da Jan Bulon Kulliya

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu tattara. Kawu, yayan mahaifiyata, ya amsa kira ranar wata Talata da hantsi, yana kwance a kan tsohon gadonsa na igiya a rumfar ƙofar gida. Kafin azahar garin ya cika. An zo daga Abu Hujar, an ƙetaro kogi a kwalekwale, washegari kuma wasu suka iso tun daga Hajj Abdalla, duk da hanyar ba ta gama zama lafiya ba.

Mu mata muna cikin gida, maza suna waje kan tabarmi, zana kawai ta raba mu, don haka babu maganar da ta wuce mu. Ina ji wani ɗan kasuwa cikin baƙin ya shafa fatiha ya ce, "Al-baraka fikum. Allah shi jiƙan Alhaji."

Kawu Ƙarami, ƙanin mamacin, ya ce, "Amin. Amma bai tahi hajji ba."

Baƙon ya rasa inda zai sa kansa. Matar Kawu tana kusa da ni, idonta ya kumbura da kuka, sai na ga kafaɗarta tana rawa. Na ɗauka kukan ne ya dawo, ashe dariya ce take dannewa cikin mayafi. Ta raɗa mini, "Ko ga makoki ba shi barin gyara ma mutane zance."

Kowa da irin kukansa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu cewa take yi yanzu wa zai riƙa raba ta faɗa da surukarta. Wata baiwar Allah da yaƙi ya koro daga birnin Madani, wadda ko Hausa ba ta ji, ta fi mu 'yan gida kuka. Da la'asar ɗaliban kulliyar koyon aikin jinya ta garinmu suka shigo a jere cikin fararen rigunansu na aiki, maza suka tsaya waje, mata suka shigo suka durƙusa gaban matar Kawu. Nan ne ni ma na kasa riƙe kaina.

Saboda waɗannan yara nake wannan rubutu, da kuma 'ya'yan ƙannena da Larabci ya fi zauna musu a baki. Nan da 'yan shekaru za su wuce ta gaban ginin kulliyar su ɗauka gwamnati ce ta yi shi. Ba gwamnati ba ce. Hajjin wani tsoho ne, wanda ya yi rayuwarsa duka yana tara guzurinsa.

Wanda ba ɗan garinmu ba sai an yi masa bayani. Kakanninmu sun baro ƙasar Sakkwato da ƙafa, sun nufi Makka. Da suka iso bakin wannan kogi guzuri ya ƙare, suka ce bari su yi noman damina ɗaya su ci gaba. Har yau ana cikin wannan damina. Shi ya sa a garinmu ba a cewa mun zauna, sai dai a ce muna kan hanya. Shi ya sa kuma ba a gini da jan bulo, don wanda ya ɗora ƙonannen tubali ya shaida wa duniya ya kwance kayansa. Ɗakunanmu na laka ne da ciyawa, kowace shekara a yi yaɓe. Abin dariyar shi ne mazan garinmu su ne gwanayen ƙona jan bulo a kamina, wato matoyar da ke bakin kogi. Rabin garuruwan yankin da bulonmu aka gina su, mu kuwa ko murhu ba mu taɓa yi da shi ba.

Kowane magidanci kuma yana da abin da ake kira shanun hanya. Ba a taɓa su don aure, ba a taɓa su don biki, na hajji ne. Kawu da ƙaninsa garkensu ɗaya, yana hannun wani makiyayi a ƙetaren kogi, domin mahaifinsu ya rasu bai isa Makka ba, kuma wasiyyarsa gare su ita ce su tafi tare. Sun sha yin haramar tafiya. Wata shekarar kogi ya cinye gonar ayaba, wata shekarar kuɗin ƙasa ya zube har kujerar hajjin ta fi ƙarfinsu. Kawu sai ya yi dariya ya ce, "Makka ba ta gudu. Mu ne dai ƙahwa tay yi ma nauyi."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata, ko da kuwa faɗa zai yi mini. Ba ya zama a tsakiyar tabarma. Kullum a gefe, takalminsa kusa da hannunsa, wai matafiyi ba ya nisa da takalmi. Da safe shi yake soya gahawarsa da kansa, ya daka da citta, ya zuba kofi biyu, ɗaya nasa ɗaya na ƙaninsa, su sha suna musu a kan komai, daga farashin riɗi har zuwa wanda ya fi wani tsufa a fuska. Ni kuwa da na yi shekaru ina koyar da aikin jinya a Madani, in na zo hutu ina buɗe baki zai kama kai ya ce, "Uwata, wagga Hausa taki ciwo gare ta. Ku masu asibiti ba ku da allurarta?"

Da yaƙi ya ci Madani na dawo gida da yarana da jaka ɗaya. Ba ni kaɗai ba. Garin ya cika da mutanen da ba su da kowa a cikinsa: malaman makaranta, masu shago, wani likita da iyalinsa. Kawu ya sa aka cire zanar gidansa ta gefen gabas don tsakar gidan ta haɗe da fili, aka kakkafa rumfuna. Ya san mutanen birni da kunyar karɓa, sai ya riƙa aika musu kwandon mangwaro da albasa yana cewa su taimaka masa, kayan za su ruɓe. Har buhun dawa ya taɓa aikawa da wannan ƙaryar, dawar da kowa ya san ba ta ruɓewa.

Maganar kulliya ta taso ne daga wata haihuwa. Jikar maƙwabcinmu ta kwana biyu tana naƙuda, hanyar asibiti a rufe, ni da likitan nan muka karɓi haihuwar a ɗakin uwarta, babu mai miƙo mana ko almakashi yadda ya kamata. Allah Ya sa aka rabu lafiya. Da na fito ina wanke hannu, Kawu yana zaune a gefen tabarma, ya ce, "Uwata, in yaƙi ya ƙare ku koma Madani, wa ka yin wanga aiki?"

Na ce Allah zai kawo wani.

Ya ce, "Allah ya riga ya kawo, ga ku nan kuna shan shayi. Ga kuma samari da 'yan mata zaune, jami'a ta rufe, wasu na zancen ramin zinari, wasu na zancen bindiga. Ku buɗe musu kulliya."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Kawu, kulliya fa ba makarantar allo ba ce."

"Da mi ta fi ta? Malami, ɗalibi, inuwa. Saura duk ado ne."

A haka aka kafa lajna, kwamitin da ya riƙa zama ƙarƙashin mangwaron Kawu bayan la'asar. Shi aka ba shugabanci, ba don ya san mene ne manhaja ba, sai don babu wanda zai iya cin ƙwayar dawa ɗaya ta jama'a yana kallo. Dokarsa guda ce: wanda ya ce a yi, shi zai yi. Likita ya tashi ya yi dogon jawabi a kan buƙatar wutar sola, Kawu ya ce madalla, ya ɗora masa nemo ta. Wani malami ya ce lallai a samu ɗakin karatu, aka ce to ya bi gida gida ya tattaro littattafan da mutane suka gudo da su. Daga nan jawabai suka gajarce.

Kuɗi kuwa babu su, kuma Kawu bai ɓata lokaci yana kukan rashinsu ba. Ya tsara abin yadda ya saba tsara gona. Kowane malami aka ba shi gidan da zai riƙa ci. Ɗalibi zai biya da dawa ko riɗi in an yi girbi, ɗan gudun hijira kuma ba zai biya komai ba. A kan wannan aka yi ta kai ruwa rana, don wasu sun ce baƙi za su fi 'yan gari yawa. Kawu ya ce, "Ku nuna min ɗan gari guda cikinmu, in ba shi kujerata." Babu wanda ya sake tada zancen. Aka ware gona ɗaya ta kulliya da za a riƙa nomawa da gayya, mata masu man gyaɗa suka ɗauki nauyin sabulu da safar hannu, matar Kawu ce wakiliyarsu, kuma ita kaɗai ce a lajnar take iya katse shi.

Muna cikin haka faɗan ya matso kusa da mu. Muka ƙetare kogi muka zauna a daji tsawon wani lokaci da ba na son tunawa. Da muka dawo mun tarar an kwashe injin ban ruwa, an kwashe awaki, har ƙofofi an ciccire. Satin nan Kawu ya aika a kira lajna. Muka zo jiki a mace, ya dube mu ya ce, "To, ina munka tsaya?" sai ka ce salla muka je muka dawo.

Abin da ya rage shi ne izini, domin karatun da ba takardar shaida a ƙarshensa wahala ce kawai. Bayan doguwar bibiya ma'aikatar ilimi ta turo mai dubawa, wani dattijo mai ladabi wanda shi ma yaƙin ya raba shi da gidansa. Ya sha shayi, ya duba takardun malamai ya yaba, ya duba tsarin karatu ya yaba. Sannan ya ɗaga kai ya kalli rumfar da muka tanada. Ya ce yana jin nauyinmu, amma doka ba ta ba shi damar sa hannu a kan rumfa ba. Sai da tsayayyen gini na jan bulo, aji da ɗakin gwaji mai ƙofa da makulli.

Bayan tafiyarsa babu wanda ya iya kallon wani. Kowa ya san abu biyu. Ba a ɗora jan bulo a garin nan. Kuma duk dukiyar da ta tsira daga wawaso ita ce shanun hanya da ke ƙetaren kogi, su ma na gidaje kaɗan.

Kawu ya yi kwanaki yana kai da kawo. An gan shi a maƙabarta wajen kabarin mahaifinsu, an gan shi a kamina yana ɗaga bulo yana ajiyewa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ce a gaban jama'a a raba garken, a sayar da rabonsa, a yi ginin.

Ina tsakar gida lokacin da Kawu Ƙarami ya biyo shi. Ban taɓa jin ya ɗaga wa yayansa murya ba sai ran nan.

"Wasiyyar Baba hwa, Yaya?"

"Ban mance ta ba."

"Ka mance. In ka ɗora jan bulo garin ga, ka ce ma duniya mun kwance kaya. Kai ka zama na farin da ya ƙaryata kakanninmu. Kuma shekarunka nawa? Yaushe za ka sake tara wasu?"

Kawu ya ce, "Ƙanena, mata nawa munka binne da ciki muna kan hanya? Har da uwar ɗiyanka ta fari. Matahiyi in ya iske wuri ba ruwa, gina rijiya shi kai don na bayanshi, ba a ce ya zauna ba."

Ambaton matar nan ya yi wa Kawu Ƙarami zafi fiye da komai. Ya ɗauki sandarsa ya ce, "Halas, shi ke nan. Raba." Mutanen da ko ƙwaryar fura ba su taɓa rabawa ba, aka raba musu garke. Daga ranar ya daina zuwa gahawar safe. Kawu bai fasa zuba kofi biyu ba, matarsa ce ta riƙa shanye na biyun tana mita wai za a sa mata hawan jini.

Ni ma na je na roƙe shi ya janye. Tsoro nake ji kada kulliyar ta rushe mu bar tsoho ba hajji ba makaranta. Na ce masa hajji farilla ne. Ya ce ya tambayi liman, farilla ne ga mai iko, kuma shi bai ga ikonsa ba alhali garin yana cikin wannan hali. Sai ya rage murya ya ce, "Kada ki zaci ba ni jin zahi, Uwata. Ina ji. Tun ina yaro ni ka mahwalkin Ɗakin Allah. Amma na auna, na ga wanga ya fi." Ranar da aka kora shanun zuwa kasuwar Abu Hujar bai bi su ba. Ya tsaya a bakin gari ya dafa wuyan wani farin sa da ya fi so, ya juya ya koma gida, bai ci abincin rana ba.

Wajen ginin ne muka ba da kunya. Mazan da suka tsufa suna ƙona bulo, ashe babu wanda ya san yadda ake jera shi. Ranar farawa ma kowa ya noƙe, ba mai son a ce hannunsa ne ya fara karya al'ada, sai da Kawu ya naɗe hannun riga ya ɗora na farko. Daga nan suka kama aiki da ƙarfinsu, suka yi ta ɗora bulo a kan bulo kai tsaye, gaɓa a kan gaɓa, suna shafe shi da hannu kamar ginin laka. Bangon ya kai ƙirji, ya yi ciki, wata safiya ya kwanta gaba ɗaya. Kawu ya zo ya zagaya shi ya ce, "Alhamdu lillahi, shi ma ɗan garinmu ne, bai son tsayawa wuri guda." Aka yi dariya har da masu hawaye. Wani magini cikin 'yan gudun hijira ya karɓi aikin ya koya musu da igiya da ma'auni.

Wannan kuskure da tsadar kwano suka cinye abin da aka tanada. Aka gama ɗakin gwaji da rufinsa da ƙofarsa, ajin kuwa ya tsaya bango huɗu, sama a buɗe, aka shimfiɗa masa zana. Mai dubawa ya dawo ya ba da izini na wucin gadi, da sharaɗin a rufe ajin kafin damina, in ba haka ba a janye.

Duk da haka muka buɗe. Babu kiɗa babu yanka, addu'a ce da shayi da dabino. Watannin da suka biyo baya su ne na ga Kawu ya fi kowane lokaci walwala. Kullum da hantsi zai zo ya zauna a bakin ƙofar aji, a gefe kamar kullum, yana sauraron darasin da ba ya ganewa yana gyaɗa kai. Shi ya zama majinyacin gwaji. Kowane ɗalibi a damtsensa ya koyi awon jini, har hannun ya yi tsami, yana cewa a ci gaba, ai ba a koyon aski a kan dutse. In yarinya ta faɗi adadin da ya saɓa wa na 'yar'uwarta sai ya ce su je su sasanta su dawo su gaya masa ko yana da rai. Mutane suka fara kiransa Alhaji don girmamawa, ya hana. Ya ce kada a ba shi sunan da bai taka ya samo ba. Saboda haka abin da ƙaninsa ya yi wa baƙon nan a wajen makoki ba rashin kara ba ne, maganar Kawu ce ya riƙe masa.

Ciwon ajalin Kawu bai daɗe ba. Ɗalibansa ne suka yi jinyarsa bi da bi, ni ina duba su, ina ganin hannayensu sun fara sanin aiki. Kawu Ƙarami ya zo ya zauna a bakin gadon, ba su tada zancen shanu ba, ba su tada zancen gini ba. Musu suka yi a kan ko bana ruwa zai sauka da wuri. Da Kawu ya cika, shi ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Na yi baƙin cikin rabuwa da Kawu irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata, amma ban ji tausayinsa ba, don na ga mutumin da ya tafi zuciyarsa a kwance. Damuwata ɗaya ce a kwanakin makokin: gajimare ya fara haɗuwa ta kudu, aji ba rufi, kuma wanda zai ce a yi ba ya nan.

Ranar sadakar uku, da za a naɗe tabarmi, aka nemi Kawu Ƙarami tun safe ba a gan shi ba. Mutane suka fara ƙananan maganganu, wai har yanzu fushin bai sauka ba. Ana gab da addu'a muka ji kukan shanu ta hanyar kogi. Muka leƙa ta saman zana. Shi ne tafe da makiyayin, wandonsa jiƙe har gwiwa, suna kore da sauran garken. Bai tsaya wajen tabarmi ba, ya wuce da su har gaban ajin nan marar rufi, jama'a suka bi shi.

Ya nemi likita cikin taron ya ce, "A sai da su. A ruhe ɗakin ga kahin ruwa shi sauka."

Liman ya matso ya kama hannunsa ya ce, "Malam, hajjinka hwa? Kai ko kana da sauran ƙarhi."

Kawu Ƙarami ya dubi liman. Ya ce, "Baba cewa yay yi mu tahi tare. In na tahi ni ɗai, in na isa anka ce min ina Yaya, mi za ni cewa?"

Ya share fuskarsa da gefen rawani, ya juyo ya ga samari sun yi cirko-cirko suna kallonsa. Ya ce, "Mi ku ka kallo? Ku kama igiya."